Bayan An Ce "A Kai Shi Gida"

Duk wanda ya manyanta a ƙasar Dutsin-Ma ko Kurfi ya san maganar nan da ake faɗa a bakin ɗakin marasa lafiya da murya ƙasa-ƙasa. Likita ya ja babban ɗa ko ƙanin mai gida gefe, ya ce, "Alhaji, mun yi iya ƙoƙarinmu, a kai shi gida a ci gaba da addu'a." Daga nan a naɗe tabarma, a nemo mota, asibiti ya rufe fayil. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, a daidai wannan gaɓar ya kamata a fara auna asibiti, amma mu a nan muke daina aunawa. Mukan yabi asibiti saboda tsayin gininsa da na'urar ɗaukar hoto da sunan likitan tiyata, kuma waɗannan duk suna da amfani ga mai ciwon da zai warke. Amma dattijon da ciwon daji ya ci ƙarfinsa, ko matar da hantarta ta kumbura, ko wanda ƙodarsa ta gaza kuma kuɗin wankinta ya gagari dangi, shi ba ginin yake buƙata ba. Yana buƙatar a kwantar masa da zogi, a tsaftace shi, a gaya masa gaskiya, kada kuma a manta da shi don ya bar gadon asibiti. Wurin da ya iya waɗannan shi ne wurin jinya na ƙwarai, ko da ɗaki biyu ne.

Wannan aiki yana da tarihinsa a duniya. A shekarar 1967 wata likita mai suna Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan domin waɗanda ciwonsu ba ya jin magani, kuma ita ce ta dage cewa zafin mai ciwon ajali ba a jiki kaɗai yake ba, akwai na zuciya da na tunanin iyali da na tsoron abin da ke gaba. A Najeriya, asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan ne ya yi fice a wannan fanni da ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan irin wannan jinya. Mutumin Kurfi dai hanyarsa sananniya ce: babban asibitin garinsu ko na Dutsin-Ma, daga nan Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, in abin ya ƙi a ce Shika a Zariya ko asibitin Malam Aminu Kano, sannan a dawo gida aljihu a bushe. Mafi yawan kwanakin ƙarshe a ɗakin uwargida ko a shigifar mai gida ake yin su. Saboda haka idan za mu yi maganar ingancin jinya a nan, muna maganar abin da asibiti ya damƙa wa iyali ne kafin su tafi, da abin da ya ci gaba da yi bayan sun tafi.

Abin da ya fi komai nauyi shi ne zogi, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin a nan ne muka fi zaluntar majinyatanmu ba tare da mun sani ba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsari mai hawa uku: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau zuwa masu matsakaicin ƙarfi irin su kodin da tiramadol, in zafin ya wuce nan a ba da mofin. Sharaɗin da mutane ba su sani ba shi ne, ana ba da maganin ne ta baki kuma bisa agogo, mofin na ruwa duk bayan awa huɗu, ba a jira sai majinyaci ya fara murƙususu a ruga neman mai allura. Allurar da ake yi wa mutum sai ya yi ihu takan kwantar da shi na ɗan lokaci, zafin ya dawo tsakar dare, ga tsoka ta ƙare babu wurin soka wata. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2017 cewa magani irin mofin da ke shigowa Najeriya bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da majinyata ke buƙata ba, alhali garin mofin yana cikin magunguna mafiya araha. Don haka tambayar da ɗa zai yi wa likita kafin ya ɗauki mahaifinsa ita ce: "Likita, wane magani za mu riƙa ba Baba na zafin nan, ƙarfe nawa da ƙarfe nawa, in ya ƙare a ina za mu samo, in kuma bai yi ba wa za mu kira?" Wurin da ya san aikinsa zai amsa a rubuce, zai kuma haɗa da maganin sassauta ciki, domin mofin yana ɗaure bayan gida. Wurin da ya ce "ku sayi na kemis kawai" ya nuna matsayinsa.

Na san abin da za a ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce mu da muke kuka da yadda tiramadol da kodin suka lalata samari da matan aure, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, yaya za mu buɗe ƙofa ga abin da ya fi su ƙarfi? Tsoron yana da tushe, amma an ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Tsohuwar da ke kwance da sankarar mama ba ita ke sayar da ƙwaya a tasha ba, kuma hana ta magani bai rage ko kwalba ɗaya a hannun mashaya ba. Yuganda ta nuna hanya: Dakta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a can a 1993, suka riƙa haɗa mofin na ruwa mai rahusa suna kai wa mutane har gida, kuma a 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi da kansu, saboda likitoci ba sa isa ƙauye. Abin da ya tsare maganin shi ne rajista da lissafi da sa hannu. Wani kuma zai ce ai ciwo kaffara ne, haƙuri ya kamata. Gaskiya ne mumini yana samun lada a kan abin da ya same shi, amma addinin da ya yi umarni da haƙuri shi ya yi umarni da neman magani, kuma babu mai ƙin shan maganin zazzaɓi don neman lada. Mutumin da zogi ya gigita ba ya iya sallah a natse, ba ya iya wasiyya, ba ya gane mai laƙƙana masa kalmar shahada. Maganin da aka auna daidai, aka ƙara shi sannu a hankali, ba ya gaggauta ajali. Abin da yake yi shi ne mayar wa mutum hankalinsa.

Sai maganar ma'aikata. Yawan fararen riguna da ƙarfe goma na safe ba ya nuna komai, domin a lokacin ne likitoci ke zagaye kuma kowa na wurin. A je da ƙarfe biyun dare a ga nas nawa ke kan ɗaki mai gadaje da yawa, da tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta amsa kira. Sau da yawa laifin ba nata ba ne. Mutum ɗaya ba zai rabu goma ba, ga abokan aikinta suna ta ficewa zuwa Saudiyya da Ingila, ga matsalar tsaro da ta sa ma'aikaci ke tsoron kwana a ƙauyukan da suka yi iyaka da Safana da Batsari. Amma jikin majinyaci ba ya ɓoye sirri. Wanda ba ya iya motsi ana juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatar ƙugu da diddige ta ɗaye ta zama gyambo mai wari wanda ya fi ciwon asali wahalar da shi. A ɗaga zane a duba. A duba bakinsa ko ya bushe ya tsattsage, a duba robar fitsari ko an bar ta ta yi datti. Kuma tunda a asibitocinmu mai jinya ne ke wanki da ciyarwa da juyawa, sau da yawa 'ya ko suruka ko uwargida, ma'aikaciyar ƙwarai ita ce wadda ta zauna ta ce, "Hajiya, zo ki ga yadda ake tallabe shi, ga yadda za ki jiƙa masa leɓe." Minti goma na irin wannan koyarwa yakan bi iyali har gida ya yi musu amfani wata da watanni.

Akwai wani abu da ba a cika ɗauka a matsayin hidima ba, wato sanin lokacin da za a ce ya isa. Iyali da yawa sun sayar da gona ko shanun huɗa saboda gwajin da ba zai canza komai ba, da ledojin ƙarin ruwa da ake ta rataya wa wanda jikinsa ya daina karɓa, har ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi nauyi. Mu ma muna da laifi, domin mun ɗauka in ba a sa ruwa ba ba a yi jinya ba, kuma muna tsoron a ce 'ya'yan wane sun yi rowa. Asibitin da ya riƙe amana yakan faɗi abin da za a kashe da abin da za a samu, ya bar iyali su zaɓa da ido buɗe. Nan ma akwai mai ja: ai Allah kaɗai ya san ranar kowa, gaya wa mutum ciwonsa ba ya warkewa karya masa zuciya ne. Likita nagari ba ya yanke wa kowa rana, kuma ba a jefa wa maras lafiya magana kamar dutse. Ana tambayarsa abin da yake son sani, a ba shi gwargwadon abin da zai iya ɗauka, tare da wanda ya yarda da shi a kusa. Amma dattijo yana da bashin da shi kaɗai ya sani, da amanar marayu, da ɗan'uwan da suka yi shekaru ba sa ga-maciji wanda yake son su yafi juna. Idan kowa ya shigo dubiya ya ce "ai da sauƙi" har ya daina magana, an ƙwace masa damar gyara waɗannan, kuma yawancin majinyata sun riga sun gane halin da suke ciki, suna shiru ne don kada su tayar wa 'ya'yansu hankali.

Masu cewa wannan duk al'adar Turawa ce, mu muna da dangi, sun faɗi rabin gaskiya. Babu Bahaushen da zai so a kai mahaifiyarsa wani gida ta cika a hannun baƙi, kuma ba abin da nake nema ke nan ba. Zumuncinmu dukiya ce da ƙasashe masu arziki ke nema da kuɗi ba su samu ba. Sai dai ƙauna ba ta koya wa mutum wanke gyambo ko sauya robar fitsari, kuma nauyin yakan faɗa kan mace ɗaya da ba ta barci, wadda ba mai tambayar lafiyarta. Masu cewa kuma ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe yara ba ta da sukunin kula da masu mutuwa, su duba lissafin: wannan jinya ba ta neman sabon gini ko na'ura, kuma takan sauke wa asibiti gadon da wani zai warke a kai. A 2014 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Najeriya, sun amince a sanya ta cikin kiwon lafiya tun daga matakin farko.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta talaka: mutumin da asibiti ɗaya ne kusa da shi, me aunawa za ta amfana masa tunda ba shi da zaɓi? Ba shi da zaɓin wuri, amma yana da baki, kuma abin da aka saba tambaya shi ake saba tanada. Idan iyalai suka riƙa neman takardar magani da lambar wayar da za a kira kafin su ɗauki majinyaci, idan kwamitocin lafiya na mazaɓu da limamai da hakimai suka ɗauki maganar zuwa ma'aikatar lafiya a Katsina, abin da ake nema ba mai yawa ba ne. A horar da ma'aikatan lafiya biyu ko uku a Dutsin-Ma da Kurfi kan kwantar da zogi, daga cikin waɗanda makarantun jinya na Katsina da Malumfashi da na kiwon lafiya a Kankiya ke yayewa. A ajiye mofin na ruwa a kantin maganin asibiti, a kulle, da littafin rajista. A kuma ba malamin asibitin da ke cibiyar mazaɓa sunayen waɗanda aka sallama zuwa gida, da kuɗin man babur, ya riƙa leƙa su sau ɗaya a mako.