Agadas: daren da taurari ke shafar sararin Abzin

Baƙon da ya sauka Agadas, abin da yake fara ɗaga kai ya duba shi ne hasumiyar babban masallaci, ginin ƙasa mai tsawon mita 27, wadda aka gina wajajen 1515, aka sabunta ta a 1844. Amma in dare ya yi, wanda ya fita bayan gari ya bar fitilu a bayansa zai tarar da abin kallon da ya fi ta tsufa.

Madugan ayarin gishiri na Fashi da Bilma sun daɗe da sanin wannan sama. Da kaza da ƴaƴanta, da tarin taurarin da Abzinawa ke kira Amanar, wato jagora, suke ratsa Tenere. Sun kuma san akwai dararen da taurari ke zuba tamkar tartsatsin maƙera.

Masana sun ce abin da ke zubowa tsakuwa ce da ƙura, galibi ba su wuce ƙwayar gero ba, waɗanda tauraro mai wutsiya ko wani dutsen sama ya bari a kan hanyarsa. Duniya takan ratsa wannan hanya sau ɗaya a shekara, sai ƙurar ta shigo iska ta ƙone a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa.

Zubar 12 da 13 ga Agusta ta shahara a Turai, sai dai a Agadas takan faɗo cikin damina, hadari yakan rufe ta. Wadda ta fi dacewa da Abzin ita ce ta 13 da 14 ga Disamba, mai fitowa daga dutsen Fayeton da aka gano a 1983. Tsakuwoyinta na gudun kilomita 35 a daƙiƙa.

A wannan dare, bayan sallar lisha, wajen ƙarfe takwas, mafitarsu takan ɓullo a arewa maso gabas, hagu da Amanar, daf da inda sama ta haɗu da ƙasa. Tsakuwar da ta shigo a lokacin tana zuwa a karkace, ta shafi saman iska kamar dutsen da yaro ya wurga a kan tabki. Shi ya sa takan ja doguwar wuta, wani lokaci ta ratsa rabin sama. Irin waɗannan ba su da yawa, mutum na iya zaman awa guda ya ga ɗaya ko biyu. Ranar 10 ga Agusta 1972 wani babban dutse ya shafi sararin Amurka da Kanada da rana tsaka, ya sake ficewa bai faɗo ba. Masu son yawa kuwa su jira ƙarfe biyu na dare, sa'ad da mafitar ke bisa kai.

Sharuɗɗan kaɗan ne: dare marar farin wata, iska marar hazo, tabarma da bargo saboda ɗarin hunturu, da minti ashirin cikin duhu ba tocila don ido ya saba. Kada kuma a yi nisa ba tare da ɗan gari wanda ya san hanya ba.

Gari na faɗaɗa, fitilu na ƙaruwa, motoci sun rage wa raƙuma aiki. Yaron da ba a fitar da shi ya kwana ƙarƙashin wannan sama ba zai girma bai san sunan tauraron da ya kai kakansa Bilma ba.