Bayan Mun Fito Daga Ruwa

Mu bakwai aka yi wa baftisma rana guda, yau shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Dukanmu Hausawa ne, yawancinmu 'ya'yan waɗanda suka gangaro Kotono daga wajajen Maraɗi da Tsibiri neman abinci, suka yada zango tsakanin Zongo da Missèbo. Da muka fito daga ruwa muna rawar ɗari, mata na guɗa, wallahi a zatonmu an gama yaƙi, Shaiɗan ya tattara komatsansa ya bar mu ke nan har abada.

To, masu karatu, mun san galibinku Musulmi ne, amma zancen ba baƙo ba ne a gare ku. Alhajin da ya dawo daga Makka da sabon zunubi ko ɗaya babu, ai ranar da ya buɗe rumfarsa a kasuwa, ranar nan mai ruɗin ke zuwa yi masa barka da sauka. Haka abin yake a wurinmu. Da ma an karanta mana tun muna ajin shiri, mu ne dai ba mu ji da kunnen basira ba: a Linjilar Matiyu, sura ta 3 ita ce ta baftismar Yesu a Kogin Urdun, ta 4 kuwa ita ce ta kwana 40 a jeji da gwajin Iblis. Wato gwajin bayan ruwan ya zo, ba gabansa ba.

Abin da muka shirya wa shi ne tsanani daga dangi da maƙwabta. Ba mu ce babu wanda ya sha shi ba, domin ɗaya daga cikinmu kawunsa ya yi shekara biyar ba ya amsa gaisuwarsa. Amma yawancinmu, tsakani da Allah, naman layya bai taɓa tsallake ƙofarmu ba. Ashe mun tsare ƙofar gaba, ɓarawo yana cikin ɗaka.

Ɗan'uwanmu mai sayar da gwanjo a Missèbo shi ya fara faɗa mana gaskiya. Ya ce a majami'a ranar Lahadi shi mai bi ne, amma ranar Litinin in ya kwance dila ya tarar rabinta tsummoki, bakinsa da kansa ke rantsewa cewa kayan zaɓi ne na farko. Wata 'yar'uwa kuma ɗanta na fama da sikila, an yi asibiti an yi addu'a, daga baya ta saci jiki ta je wurin boka. Ta dawo da laya ta ɗinke cikin matashin yaron, wata shida ba ta iya ɗaga ido ta dubi fasto. Mun yi ta zarginta a ranmu. Ɗanmu ne ke kwance? A'a. Shi ma wannan zargi gwaji ne, kuma mun faɗi.

Namu gwajin ya zo ne cikin ambulan. Kowa ya tuna yadda aka rufe iyaka tsakanin Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. Maiɗakinmu albasar Galmi take saye tana sayarwa, to da hanya ta toshe sai kaya ya yi tsada, jari ya narke a hannunta, gida ya koma kan albashin malamin lakwal kaɗai. Ana cikin haka ƙarshen shekarar karatu ya zo. Wani uba, mutumin kirki a unguwa, ya same mu bayan an tashi, ɗansa na ajin CM1 kuma makinsa bai kai na wucewa ba.

"Malam," in ji shi, "ga wannan a saya wa yara sabulu. Yaron nan naka ne, ka duba mana shi."

Ya ajiye ya tafi kafin mu buɗe baki. Ko kuwa dai mu ne ba mu yi saurin buɗe bakin ba. Jaka 20 ne a ciki, alhali mai gida na bin mu haya ta wata biyu.

Kwana uku ambulan ɗin nan na cikin aljihun tebur. Abin mamaki, mai ruɗin bai taɓa ce mana mu yi zunubi ba. Cewa ya yi mu yi tausayi: yaron ba daƙiƙi ba ne, rabin maki kawai ya rage, wa za a cuta? Har da tuna mana cewa Allah na ciyar da bayinsa ta hanyar da ya so. Da muryar fasto ya yi maganar, kuma a daidai lokacin addu'ar dare. A rana ta biyu muka zare jaka 2 muka sayi magani, muna cewa aro ne.

Ba wani mafarki ko wahayi ya tsayar da mu ba. Maiɗaki ce ta ga maganin, ta tambayi inda kuɗin ya fito, muka rasa ta cewa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaura zane ta shiga gidan Hajiya maƙwabciyarmu ta ranto jaka 2, ta cika ambulan, ta miƙo mana.

Uban ya karɓi kuɗinsa, ya ce ashe haka Kiristoci ke riƙe zumunci. Har yau in mun haɗu a bakin masallacin Zongo sai ya kau da kai. Yaron ya maimaita aji, muka ajiye shi a bencin gaba. Bashin Hajiya kuwa sai da muka yi wata biyu kafin mu biya.