Tsakanin Gari da Gulbi

A Gummi mutum na iya barin kasuwa bayan la'asar, ya taka a hankali, kafin magariba ga shi bakin Gulbin Zamfara. Nan samari ke iyo, masunta na jefa birgi, masu lambu na ban ruwan albasa da tattasai a fadama. Manyan birane sai sun kashe kuɗi su gina wurin shan iska. Mu kuwa Allah ya ajiye mana gulbi da daji a ƙofar gida.

Haka Anka, mazaunin Sarkin Zamfara, haka Bukkuyum. A da can, da hatsi ya shiga rumbu sai farauta da karnuka, sai kokawa da dambe a dandali, yara na tsintar magarya da kanya.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda filin shan iskar nan ya ƙuntata. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinari ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Daga baya 'yan bindiga suka mamaye daji. Yau uba kan hana ɗansa wuce gonakin bakin gari, kuma ba mai ganin laifinsa.