Fuskar Kaka a Bango

A falon gidanmu da ke Fadan Kagoma akwai hotuna biyu rataye gefe da gefe. Na farko na kakanmu ne, baƙi da fari, wanda aka ɗauke shi a Kafanchan zamanin yana aikin jirgin ƙasa, a garin da layin dogo ya raya tun 1927. Har gobe ana iya ƙirga maɓallan rigarsa. Na biyu kuwa na kakarmu ne, mai launi, wanda mu jikokinta muka buga da hannunmu. Bai cika shekara uku a bango ba, amma tuni jan zanenta ya koma ruwan ƙasa, fuskarta ta koɗe har sai an nuna wa baƙo inda idanunta suke.

Asalin abin shi ne, bayan an sayar da citta wata shekara, sai muka haɗa kuɗi muka sayi ƙaramar firinta, don mu huta da zuwa Kafanchan wankin hoto. Da muka je sayen kayan aiki muka zaɓi tawada mafi araha, ta ɗuri, muka haɗa da takardar rubutu irin ta ofis, mai nauyin giram 80. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, amma a lokacin kunnenmu bai ji ba.

Sai daga baya muka fahimci cewa tawadar irin wannan firinta iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta ke narke cikin ruwa. Tana da haske da daɗin kallo, sai dai rana da iska suna cinye ta sannu a hankali. Akwai kuma ta garin launi, mai ƙwayoyi ƙanana da ba sa narkewa, waɗanda ke zama a kan takarda su daɗe. Haka ita ma takarda. Ta ofis tsotse tawada take yi, launi ya bazu ya dusashe. Ta hoto kuwa, mai giram 200 ko fiye, an shafa mata wani abu a fuska da ke riƙe kowane ɗigo a inda ya sauka, ko mai sheƙi ce ko marar sheƙi. Shi kuwa hoton kaka namiji da ƙwayoyin azurfa aka fitar da shi, shi ya sa ya ga jiya, ya ga yau.

Ƙasarmu ma ba ta taimaka ba. Damina a kudancin Kaduna doguwa ce, laima kan shiga bango ta kumbura takarda, mu kuwa ba mu sa gilashi ba, muka kuma rataye hoton daura da taga.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wayar da aka ɗauki hoton da ita ta faɗa rijiya kafin kaka ta rasu, ba mu kuwa adana shi a wani wuri ba. Wannan koɗaɗɗiyar takarda ita kaɗai ta rage.

Yanzu mun sake ɗaukar ta, mun kai wa masu gyara a kwamfuta, mun buga da tawadar garin launi a takarda mai kauri, cikin gilashi, nesa da rana. Zanen ya dawo ja. Fuskar ce dai har yanzu muke gardama a kanta: ƙanwarmu ta ce ita ce, babban wanmu ya ce ba haka murmushinta yake ba.