Ku Ƙirga Karta Kafin Ku Raba

Yau zancen karta na zo da shi, irin wadda ake kira Whot. Na san wata za ta ce, "Lalle wannan mata ta rasa aikin yi." To, ki yi haƙuri ki ji, gama kwalin nan da bai fi tafin hannu ba saura kaɗan ya ɓata tsakanina da gidan yayana.

Ni mutuniyar Argungu ce, aure ya kawo ni Birnin Kebbi. Kowane dogon hutu yayana yakan aiko mini da 'ya'yansa mata biyu su yi mako uku tare da nawa. In an ci tuwo an yi lisha, sai su shimfiɗa tabarma a tsakar gida su hau karta. Ban taɓa hana su ba, don ya fi mini yawon dare.

A hutun bara, ran da suka kwana huɗu, ina ɗaka sai na ji hayaniya. Na fito na tarar ƙaramar baƙuwar tana kuka, ta watsar da kartar hannunta, har guda 15. Ta ce, "Gwaggo, gobe a sa ni mota in koma gida, cutata suke yi." Babbar 'yata ta rantse ba ta cuci kowa ba. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sai na goyi bayan tawa, na ce wa yarinyar wanda ba ya son kaye kada ya shiga kokawa. Ta kwanta ba ta ce mini sai da safe ba. Kafin hantsi labari ya isa Argungu ta waya. Uwarsu ta bugo, ta gaishe ni gaisuwa gajeriya, irin wadda ke da magana a ƙarƙashinta.

Da suka tafi ɗebo ruwa sai na ɗauko kartar na baje ta bisa faifai na ƙirga. Guda 71! Ashe ragowar kwali uku ne 'ya'yana suka haɗa, duk wadda ta yage suka yar, mai ƙarfi kuwa suka adana ta. Masu lamba 20 har 11, masu lamba 2 guda tara.

Ga yadda cikakken kwali yake, ki riƙe, gama mata da yawa sun yi shekaru suna wasan ba su taɓa ƙirgawa ba. Karta 54 ce. Mai ƙwallo 12, mai kusurwa uku 12, kuros tara, mai kusurwa huɗu, wadda yara ke kira kafet, ita ma tara, tauraro bakwai, sa'an nan Whot mai lamba 20 guda biyar. Babu 6, babu 9 a ciki ko kusa. Masu hukunci kuwa, watau 1 mai cewa dakata, da 2 mai cewa ɗauki biyu, da 5 mai cewa ɗauki uku, kowace biyar-biyar ce. 8 mai tsallake na kusa guda uku ce, 14 mai aika kowa kasuwa guda huɗu. In kin haɗa da 20 ɗin nan biyar, sun zama 27, rabin kwali daidai. Ashe rabi hukunci ne, rabi wasan lalama. Da zarar an cusa ƙari, ma'auni ya karkace.

Kin ga inda kukan ya fito. A gidanmu in an jefa miki 2, kina iya karewa da taki 2, sai ta gaba ta ɗauki huɗu, haka har ya faɗa kan wadda ba ta da ita. A cikakken kwali, ko an tara su duka, goma ne iyaka, wannan ma da wuya a gani. Amma da guda tara a cikin wasa, aka jera shida a kan yarinyar nan, ta ɗebi 12 gaba ɗaya. Ga shi kuwa a gidansu ba a karewa sam, an jefa miki, ki ɗauka ki yi shiru. Tana riƙe da 2 a hannunta, ba ta san tana da ikon jefawa ba, ba kuwa wanda ya gaya mata.

Akwai wani abin kuma da ya fi wannan muni. Kwali ukun nan ba shekararsu ɗaya ba, bayansu ya koɗe daban-daban. Wata 20 tana da tabon manja, wata kusurwarta ta lanƙwashe. 'Yata ba ta ɓoye kome a zane ba, gaskiyarta, amma ta san bayan kowace karta kamar fuskar ƙannenta. Abin kunya, ni ma na san mai tabon manjan, na kuwa sha cin maƙwabciyata da ita.

Da yamma na tara su na ba yarinyar haƙuri a gaban kowa. Nan gardama ta tashi, kowane ɓangare na cewa dokarsu ce ta ainihi. Na ce musu ba ta kowa ba ce. Wani Bature ne a Ingila, William Storey, ya ƙago wasan, ya yi masa rajista cikin 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya riƙa buga shi. Yawancin hukunce-hukuncen nan na ɗauki biyu da tafiya kasuwa a nan Nijeriya aka ƙara su, kowane gari da irin nasa gishirin. Saboda haka gardamar wa ya fi daidai ɓata baki ne.

Abin da ya shiga kunnensu kuwa zancen garinsu ne. Na tambaye su, ran bikin kamun kifi a Matan Fada, da me masunta ke faɗawa ruwa? Suka ce homa da gora. Na ce to, tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka kafa bikin nan, kun taɓa jin an bar wani ya shiga da kayan da suka fi na sauran? Kowa na jiran a ba da alama, sa'an nan a ruga tare. A 2008 ma da aka gane wanda ya zo na ɗaya da mataccen kifi ya shigo, ai karɓe kyautar aka yi, ba a dubi girman kifin ba. Babbar 'yata ta sunkuyar da kai, ta gane da ita nake.

Washegari na aika aka sayo sabon kwali, tsofaffin na ba ƙananan yara su yi ɗaki da su. Yanzu a gidana ba a raba karta sai an baje ta an ƙirga a gaban kowa, baƙuwa ce kuwa ke ƙirgawa. In ɗaya ta ɓace, a faɗi wadda ta ɓace a yi wasa da 53, kada a ciko da ta wani kwali. Wadda ta yi tabo a fitar da ita, ko da 20 ce. In 'yan wasa sun yi yawa ana son kwali biyu, to, su zama cikakku, masu baya iri ɗaya. Mai rabawa kuma ta faɗi doka da bakinta kafin ta raba: ana karewa ko ba a karewa, ana iya gamawa da mai hukunci ko a'a, wadda ta manta ba ta ce "las kad" ba nawa za ta ɗauka. In kasuwa ta ƙare a ƙirga lambobin hannu, tauraro ninki biyu, mai mafi yawa ta fita. Kuɗi kuwa, ko na goro, ba ya hawa tabarmata, gama daga nan ya zama caca, caca kuwa haramun ce.

Abu ɗaya ne har yanzu ba mu daidaita ba. Gidan yayana sukan cire 20 duka biyar su yi wasa da 49, wai a nan ake gane mai dabara. Ba su yi ƙarya ba. Amma ni in da ƙananan yara a wasa, nakan bar su, domin 20 ita ce ke ceton wadda ba ta ƙware ba, yarinyar da ba ta taɓa ci ba kuwa ba za ta sake zama ba.

Da babbar salla na je Argungu. Bayan lisha yarinyar nan ta ɗauko kwalinsu ta miƙo mini ta ce, "Gwaggo, ƙirga, ke ce baƙuwa." Na ƙirga, 49 cif. Ta raba, ta ce, "Nan gidan ba a karewa." Zagaye na biyu ta jefa mini 5. Ina riƙe da tawa 5 har biyu, na miƙa hannu kasuwa na ɗebi uku, uwarsu na gefe tana dariya har da riƙe ciki.