Gurabe Talatin a Cikin Rairayi

Rubuta manhaja aiki ne na kaɗaici. Mu huɗu muka gama karatun kimiyyar kwamfuta tare, duk muna Kano, amma kowa a ɗakinsa yake aiki, wasunmu ma ba su taɓa taka ofishin kamfanin da ke biyansu ba. Sai mu yi wata uku ba mu ga juna ba, sai gaisuwa a WhatsApp. An ce zumunta a ƙafa take, tamu kuwa ta fara sanyi.

Shi ya sa muka ɗora wa kanmu aikin da ba mai biyan mu: mu sa wasan dara a wayar Android. A takarda abin ba wuya. Gurabe talatin ne, layi biyar, kowane layi gurbi shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. Da farko ana saka 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a jera uku a lokacin. In an gama sai a fara turawa, gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya cinye ɗa guda na abokin karawarsa. Jera huɗu ba ci ba ne.

Sai dai wasan da hannunka bai saba da shi ba, ba za ka koya wa na'ura shi ba. Muka tsayar da yammacin Asabar don mu riƙa bugawa a ƙasa, kuma ba mu ankara ba abin ya samu tsarinsa. Mai masauki shi ke baza rairayi a zaure ya tona guraben da yatsa. Ɗaya ya ɗauki tsakuwa, ɗaya guntayen kara. Wayoyi a kife cikin faifai, shayi a kan gawayi. Ba a buɗe kwamfuta sai an yi wasa uku, wanda aka fi ci kuma shi ke wanke kofuna. Ba wanda ya zauna ya kafa waɗannan dokoki, amma yau in aka tsallake ɗaya sai ka ji kamar an yi miya ba gishiri.

Da manhajar ta fara iya wasa da kanta, muka kai wa wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon gwanin dara. Muka ce, "Baba, ga abokin karawa mun kawo maka." Ya buga sau biyu ya miƙo mana wayar.

"Samari, abin nan ai ba ya magana. In na ci shi, wa zan yi wa dariya?"

Lissafin wasa dai na'ura ta daɗe da ƙwarewa a kai. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov a darar Turawa, a 2016 kuma AlphaGo ta doke Lee Sedol a wasan Go. Duk da haka mutane ba su daina zama gaba da gaba suna bugawa ba. Abin da Baba ke nema ba ya shiga lissafi: zolayar 'yan kallo, gyaran muryar wanda ya hango tarko, shewar da ake yi in dara ta ci gida.

Saboda maganarsa muka sauya fasali. Yanzu abin da ke fara buɗewa a manhajar shi ne wasan mutum biyu a waya ɗaya, a ajiye ta a tsakani, ba sai da intanet ba. Karawa da kwamfuta muka tura can ƙasa.

Har yanzu ba mu sake ta ba, kuma ba ma gaggawa. Ɗayanmu ya samu aiki a Legas, zai tafi bayan damina. Mun riga mun shirya: ƙanin mai masauki ne zai gaji tsakuwoyinsa, shi kuma duk Asabar zai kira ta bidiyo a jingine wayar a jikin buta, ita kaɗai ba za a kife ba. Kofunan da ake bin sa kuwa muna rubutawa, sai ya zo hutu ya wanke.