Kwana ɗayan da muka ƙara don mu ga teku

Tun da aka ji cewa mu huɗu daga ƙungiyarmu ta asusu a Maraɗi mun taɓa taka bakin teku, tambaya ba ta ƙare ba: ina ya fi kyau, ana shiga ruwan, wai da gaske ba a hango ƙarshensa? To ga abin da muka gani, har da faɗan da ya jawo mana da muka dawo gida.

Tafiyar ta kasuwa ce, tun kafin a rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023. Mun fasa asusu bayan girbi, mata suka haɗa sautu: wannan atamfa, waccan takalman yara, wata kwanonin ɗiyarta da za a aurar. Aka zaɓi shugaba, mai riƙon littafi, ma'ajiya, da Inna, wadda ta girme mu duka. Inna ta sha zuwa Kotonu, amma ba ta taɓa sa ƙafa a yashin teku ba. Daga tasha sai Zango, daga Zango sai kasuwar Dantokpa, sai a ɗaure kaya a juyo. Ƙungiya ta ba mu kuɗin masauki na kwana uku. Mu kuwa muka yi huɗu.

Ranar Lahadi da la'asar, da muka gama sayayya, muka hau kabu-kabu, waɗanda can ake ce wa zemijan, masu rawayar riga, suka kai mu Fijirose. Nan ne bakin tekun da kowa zai fara nuna muku, yana bayan filin jirgin sama. Gaskiya mun yi tsaye mun kasa magana. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, ga manyan jirage can nesa suna jiran layin shiga tashar ruwa, watakila har da masu ɗauke da kayan da za su ƙare a Nijar. Amma wurin bai yi mana ba. Kiɗa ta ko'ina, samari na ƙwallo, kujera sai an biya, inuwa ma sai an sayi abin sha. Mace mai lulluɓi ba ta samun inda za ta zauna ta sake. In lokacinku kaɗan ne, ku je ku kashe ƙwarƙwatar ido, amma kada ku zaɓi Lahadi.

A daren nan Inna ta ce, "Ni hwa ban ƙoshi ba. Wa ya san ko zan ƙara zuwa?" Muka dubi juna. Kowace ta ciro kuɗi daga nata aljihu, ba na ƙungiya ba, muka yi shatar ƙaramar mota.

Da asuba muka bi hanyar da suke kira ta masunta, wadda ta bi gefen teku daga Kotonu zuwa Wida, kamar kilomita 40. Da zarar an bar gari sai itatuwan kwakwa da bukkokin kaba. A wani ƙauye muka ce direba ya tsaya, don mun ga mutane jere riƙe da igiya, maza da yara, suna ja suna waƙa. Taru ne ƙato da kwale-kwale ya kai can ciki tun da duhu, ana jawo shi a hankali, fiye da awa guda. Mata na zaune a yashi da manyan kwanoni suna jira. Da tarun ya iso sai wuri ya kacame da ciniki, kamar kasuwar kauyenmu ranar da gero ya fito. Su ke saye, su kai gida su yi banda, su kai kasuwa. Mai littafinmu, da yake ta yi lakwal, ta ɗan taɓa Faransanci da wata daga cikinsu. Ashe su ma suna adashe, tontin suke ce masa, kuma da shi wasu ke samun jarin kifin. Ta tambaye mu nawa muke zubi a mako, muka gaya mata, ta yi dariya ta ce mu ƙara. A wurinmu wannan ne bakin tekun da ya fi kowane, ga shi ko sunan ƙauyen ba mu riƙe ba.

A nan ne kuma muka kusa shiga uku. Ma'ajiyarmu ta tattara zane ta ce bari ta jiƙa ƙafa kawai. Ruwan ko ƙauri bai kai mata ba. Igiyar ruwa ta zo ta koma, sai ta ji yashi na zarewa daga ƙarƙashin ƙafarta, ta faɗi zaune, ta biyun ta rufe ta har wuya. Matar nan mai kifi ce ta yi ihu ta finciko ta. Canjin sautun mata duka yana cikin lalita a ƙugunta. Mun shanya takardun sefa a kan dardumar salla, kowace mun danne ta da ƙwaryar kwakwa, ba mai cewa uffan. Ba abin da ya ɓata, alhamdu lillahi. Ku ji mu da kyau: tekun Bene da Togo ba tabkin Madarumfa ba ne. Yana ja ta ƙasa, kuma yana cin mutane, har waɗanda suka iya iyo. Ku tsaya inda yashi ya bushe, ku riƙe hannun yaro.

A Wida akwai wata babbar ƙofa a bakin ruwa, ita kaɗai tsaye ba katanga, an gina ta a 1995. Ana ce mata ƙofar da ba a dawowa. Daga cikin gari zuwa nan kamar kilomita 4 ne, kuma ta wannan hanya aka riƙa koro bayi ana zuba su a jirage. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa har da Hausawa, da yawa aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil. Inna ta daɗe tana kallon ruwan, ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a, muka shafa. Ba wurin cin gyaɗa da hira ba ne, ko da yake akwai masu yi.

Kusa da nan, a Jegbaji, mata ke dafa gishiri. Suna kankaro ƙasa mai gishiri, su tace da ruwa a manyan kwanduna, su dafa har ya ƙafe. Wadda ta san gishirin Foga na wajen Gaya za ta gane aikin nan take. Mun sayi ƙulli-ƙulli na tsaraba.

Giran Popo, kusa da iyakar Togo, mun isa rana ta yi sanyi. Yashi mai tsabta, shiru, ba mai damun ka. Can gaba kogin Mono ke shiga teku, ana zuwa da kwale-kwale, amma bayan abin da ya faru da safe ba wadda ta yarda ta hau. In da hali, nan ya kamata a kwana. Masu zuwa Lome sari kuma ba su da wahala: teku na nan ƴan taku daga babbar kasuwa, tsallaka titi kawai.

Da muka dawo, ranar zubi, magana ta tashi. Wadda ke jiran kwanonin aure ta ce mun riƙe kayan mutane kwana guda muna yawon shan iska. Wata ta ce da ruwan ya tafi da lalitar, wa zai biya? Wannan ba mu da amsarta. Mai littafi ta karanta lissafi dala-dala, aka ga ba mu taɓa na ƙungiya ba, amma duk da haka aka ci mu tarar makara, muka biya ba gardama. Aka kuma sa doka: duk wadda aka aika sari, in za ta ƙara kwana ta faɗa tun kafin ta tashi, kuma kuɗin sautu ba ya zuwa bakin ruwa.

Gishirin Jegbaji mun raba wa kowa cokali bibbiyu. Mai kwanonin ta karɓi nata ba ta ce komai ba. Mako na gaba bayan an rufe akwati ta matso kusa da Inna ta ce, "Inna, wai ƙarar ruwan, har da dare ba ya dainawa?"